Godiya ga mai waldar da ya ƙi bin maganata

Assalamu alaikum Maigida, tare da yaranku na gareji.

Ina gajiya, ya aiki, ya sanyi? Da gangan na rubuto wannan takarda a fili, don ranar da na zo ɗaukar motona na biya kuɗi na juya ina ƙunƙuni, ko "Allah ya saka" ban ce muku ba. Yaranku sun ga haka, mai shayin da ke gefenku ma ya gani. Tunda a gaban mutane na yi rashin kyautawa, gara godiyar ma ta zo a gaban mutane.

Ga waɗanda ba su san yadda aka yi ba, bari in faro daga tushe. Mu shida muka shirya tafiya Dosso a kan motoci masu ƙafa biyu, mu je mu mara wa 'yan kokowarmu baya a gasar takobin ƙasa. Mutumin Tawa ba ya wasa da kokowa, don a garinmu aka fara wannan gasa a 1975, kuma har gobe muna jin kamar gadonmu ce. Kowa na so ya shiga garin mutane da tuta tana kaɗawa, ni kuwa na fi kowa zumuɗi. Na sa tela ya ɗinka mini tutar ƙasarmu Nijar wadda ta kai faɗin abin salla, na samo bututun ƙarfe mai tsawon mita 2, na turo Haojue ɗina har ƙofarku na ce a liƙa mini shi da walda a jikin ƙarfen ɗaukar kaya na baya.

Abin da ban gaya muku ba ranar nan, zan faɗa yau. Kafin in zo wurinku sai da na gwada dabarata. Na ɗaure sandar gora da robar cikin taya, na kama hanyar Badagishiri don in ga yadda za ta yi. Wata babbar mota ta wuce ni, iskarta ta kwantar da sandar, bakin tutar ya shiga tsakanin sarƙa da wayoyin taya. Allah ya sa ba gudu nake ba. Na tashi da kujewar gwiwa da yagaggen ƙyalle, na dawo gida na ce wa iyali rami na faɗa. Saboda haka ne na zo muku da taurin kai, a ganina in aka yi walda magana ta ƙare.

Kuka ɗaga baƙin tabarau, kuka dubi bututun, kuka dube ni, kuka ce: "Samari, Dosso za ka ko lahira?" Yara suka fashe da dariya, ni kuwa raina ya ɓaci. Sai kuka ɗauko sifana, kuka zura mata guntun bututu a ƙota, irin yadda makanikai ke yi in noti ya ƙi kwancewa. Kuka ce in duba, da wannan ƙarin tsawo yaro ɗan shekara goma ma zai karya notin da ƙato ya kasa. Doguwar sandata ita ce wannan bututu, iska ce mai murɗawa, gindin waldar kuma shi ne notin. Kuka ƙara da cewa iska ba ta bin lissafin kasuwa: wanda ya tashi daga gudun 40 ya koma 80, ƙarfin da ke tura tutarsa ya ninka sau huɗu. Na ɗauka cika baki ne irin na masu sana'a. Da dare na tambayi ƙanena da ke koyar da kimiyya a lise, ya ce haka yake a littafi, har yana tambayata a wace makaranta kuka yi karatu.

Daga nan kuka ƙi abubuwa uku, kowanne kuma sai da muka yi musu. Kun ƙi sandar mita 2, kuka yanke ta dawo santimita 80. Kun ƙi babbar tuta, kuka aika yaro da ita wurin tela aka ɗinko ƙarama, wadda ko sandar ta kwanta gaba ɗaya bakinta ba zai kai taya ko salansa ba. Har gwadawa kuka yi a gabana, kuka karkata sandar dama da hagu kuna jan ƙyallen da hannu. Na uku shi ya fi ba ni haushi: kun ƙi ɗora wutar walda a jikin moton ko kaɗan. Kuka ce ƙarfen ɗaukar kaya siriri ne, wuta na raunana wurin da ta taɓa, kuma tuta ba ta hutawa, kaɗawa take dubu kan dubu, sai ƙarfe ya gaji ya tsage daidai gefen waldar ba tare da ya yi sallama ba. Ga tankin mai kusa, ga wayoyin lantarki da wutar walda ke iya ƙonawa.

Abin da kuka yi a maimakon haka na tsaya na kalla daga farko har ƙarshe, ina cika ina batsewa. A ƙasa, nesa da moton, kuka yanki faffaɗan ƙarfe mai kauri, kuka liƙa masa guntun bututu kamar kube, kuka ɗan kwantar da shi baya don kada sandar ta tsaya ƙyam tana karo da iska, kuka tokare gindinsa da ƙaramin ƙarfe mai kusurwa uku. Da ya huce, sai kuka ɗaure shi a ramukan da kamfani ya riga ya huda, inda ƙarfen ɗaukar kaya ke haɗuwa da ƙashin moton, da bulon biyu masu ɗaukar sifana lamba 13. Kowane bulon noti biyu kuka sa masa, ɗaya na danne ɗaya, don girgizar hanya kada ta kwance su. Robar cikin tayar nan da ta kunyata ni a hanyar Badagishiri, ita kuka yanka kuka naɗa a gindin sandar kafin ta shiga kuben, ta hana ƙarfe cin ƙarfe. Kuka huda kuben da sandar tare, kuka zura ƙusa ta ratsa su, kuka lanƙwasa bakinta. A ƙarshe wani yaronku, ɗan siriri mai hular sanyi, ya ɗaure sandar da 'yar igiya a jikin moton, wai ko komai ya saki kada ta tashi ta doki na baya. Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Ni kaina kawai nake yi wa tsoro, shi kuwa yaron yana tunanin wanda ke bina.

Shi ne kuma ya lura tela ya ɗinka aljihun sandar ta yadda kore zai koma sama. Ya ce a'a, ruwan lemo ne a sama, fari mai da'irar rana a tsakiya, kore a ƙasa. Tun 1959 haka tutar take, amma ni mai kishin ƙasa, ba don shi ba da na ratsa garuruwa da ita a kife. Ya kuma sa aka ninka bakin ƙyallen aka bi shi da ɗinki biyu, don daga nan tuta ke fara zarewa. Kun tarbiyyantar da yaran nan, Maigida.

Muka tashi da asuba, hunturu na busawa, hazo ya rufe gari. Kamar yadda kuka umarce ni, na tsaya bayan kilomita 30 na sa sifana, noti ɗaya ya ɗan karɓi juyi kaɗan, daga nan bai ƙara motsi ba. Daga Tawa zuwa Tsarnawa da sauƙi. Inda aka gane aiki shi ne bayan mun hau babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, muka wuce Ƙonni muka nufi Dogon Dutsi. Nan ne motocin albasa da tankokin mai da manyan bas ke wuce mutum su bar shi yana rawa a kan kwalta. Duk wadda ta gifta sai in ji tutar ta yi fat-fat a bayana, in saci kallo a madubi, in ga sandar ta ɗan rusuna ta miƙe. Kan moton bai taɓa fizge ni ba. A wani shinge jandarma ya zagaya bayan moton, ya ga lamba a fili, fitilar birki ba abin da ya rufe ta, ya kama sandar ya girgiza, ya ce in wuce.

Abokan tafiyata ba zan tona musu asiri da suna ba. Ɗaya tutarsa ta tashi tun kafin Dogon Dutsi, muka tsaya muna nemanta cikin karan gero. Wani kuma, wanda aka yi wa irin waldar da na nema, ƙarfen kayansa ya tsage daidai inda kuka nuna mini da yatsa, ya ƙarasa tafiyar da sanda a ɗaure a baya kamar mai zuwa farauta. Kilomita 400 da 'yan kai zuwa, haka kuma dawowa, tawa ko zare bai fita ba. Da muka dawo na zare ƙusar, na cire sandar na ajiye a ɗaki, moton ya koma na zuwa kasuwa kamar ba a taɓa shi ba. Ranar bikin ƙasa, 18 ga Disamba ko 3 ga Agusta, in ta zagayo, minti ɗaya ya ishe ni in mayar.

Kuɗin aiki jika uku kuka ce, har da na tela. Na tsaya ina neman ragi, alhali kun kashe rabin yini a kan aikin da wani zai gama cikin minti goma ya karɓi kuɗinsa ya sallame ni. Wannan ma ina neman gafara a kansa.

Ƙorafina ɗaya ne: garejinku ba shi da allo. Mutum huɗu sun tambaye ni inda aka yi mini aikin, sai kwatance nake yi da bishiyar dogon yaro da teburin mai shayi a hanyar fita Ƙonni, biyu daga cikinsu sun ɓata. Ku da kuke ƙera wa mutane ƙofofi da alluna, ku yanki ƙarfe ɗaya ku rubuta sunanku. Fentin a wuyana.

Allah ya ƙara wa hannu albarka, ya tsare idanunku daga wuta, ya raya yaran nan su ma su buɗe nasu. Ranar Juma'a bayan an sauko ina tafe da goro, da kuma abokina mai tsagaggen ƙarfe, ya ce shi kaɗai kunya ba za ta bar shi ya zo ba.

Naku,
mai Haojue ɗin nan da ya yi muku gardama, daga Tawa.