Rahoton Kwamitin Gyaran Cibiyar Yara Masu Buƙata ta Musamman

Assalamu alaikum. Tun ranar da aka buɗe cibiyar nan tambaya ɗaya ke ta zagayo mana, wasu su yi ta a gabanmu, wasu kuma sai dai mu ji a bakin wani: ina kuɗin suka tafi, alhali ɗakuna huɗu aka yi alkawari amma uku aka gama? Wanda ya cire daga aljihunsa yana da haƙƙin ya tambaya, shi ya sa muka zauna muka rubuta wannan. Sai dai muna roƙon a karanta har ƙarshe kafin a yanke mana hukunci, don wasu maganganun da suka dawo kunnenmu sun yi nauyi.

Abin da aka fara yi kowa ya sani. An zaɓi gyaran tsohon gini maimakon sabo, bayan injiniya ya duba harsashi ya ce lafiyarsa ƙalau. An sauya rufi, an ja sababbin wayoyin wuta, an gyara famfo. Duk waɗannan sun tafi bisa lissafi, babu wanda ya yi ƙorafi a kai.

Inda aka samu matsala shi ne gangaren da keken guragu zai bi ya shiga ginin. Tsayin daɓen cibiyar daga ƙasa santimita 60 ne, matakala huɗu ake hawa. Muka ce wa magini ya zuba gangare a gefen matakalar, ya zuba mai tsawon mita uku, ya shafe shi sumul, kowa ya yaba. A cikinmu babu wanda ya taɓa tura keke da yaro a ciki, kuma babu wanda ya yi tunanin a kira wadda take turawa kullum ta gani kafin siminti ya bushe. Laifin nan namu ne. Magini zanen da muka ba shi ya bi.

Ranar gwaji wata uwa ta zo da 'yarta mai shekara tara, wadda lalurar ƙwaƙwalwa ta hana ta tafiya tun haihuwa. Ta tura keken, ta kai tsakiya, sai ƙananan tayoyin gaba suka ɗaga, keken ya nemi komowa kanta. Da gwiwa ta tokare shi har mutum biyu suka ruga suka kama. Saukowa ta fi hawan muni, sai da aka juya keken aka sauko da baya. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai tambaye mu wa zai kama mata ranar da ta zo ita kaɗai, muka rasa amsa.

Likitar gashin ƙashi da ke taimaka mana ita ta zaunar da mu ta yi mana lissafi. Ƙa'idar da masu tsara gine-gine ke bi ita ce duk santimita ɗaya na tsayi a ba shi aƙalla santimita 12 na tsawo. Tsayin santimita 60 ke nan yana neman gangare mai mita 7 da santimita 20. Namu bai kai rabin haka ba. An yi ta ja-in-ja a kwamiti har zama biyu. Wasu suka ce a yi masa kaushi a bar shi haka, wasu suka ce a ajiye mai gadi ya riƙa taimakawa. Kaushi yana hana santsi, amma ba ya rage tudu, kuma mai gadi ba dutse ba ne da za a same shi a bakin ƙofa kowace sa'a. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda aka amince da ita a 2006, a sashe na 9 ta yi maganar a sauƙaƙa musu shiga gine-gine don su iya tafiyar da rayuwarsu ba tare da dogaro da wani ba. Mu da muka gina wuri saboda su, da wane ido za mu ce su jira a ɗauke su? Aka kaɗa ƙuri'a, masu cewa a rushe suka yi rinjaye.

Rushewar ita ta ci mu. An biya masu fasawa, an biya kwashe baraguzai, an sake sayen siminti da rodi da tsakuwa. Filin gaban ginin bai ɗauki mita bakwai a miƙe ba, dole gangaren ya yi kwana, kuma wurin kwanar sai an bar shi a shimfiɗe, mita ɗaya da rabi kowane gefe, don keke ya juya. Nan kuwa daidai inda bututun ruwa ya bi ne, sai da aka haƙa aka karkatar da shi. Mai walda ya sa ƙarfen riƙewa a gefe biyu, hawa biyu, na ƙasa don hannun yaro, aka ɗaga gefuna kaɗan kada taya ta zame waje. Mako shida aikin ya tsaya.

Da muka ga haka sai muka ɗauki abin awo muka bi ginin kaf, gudun kada a maimaita. Ashe ƙofofin ma santimita 75 ne. Keke na shiga da ƙyar, amma yatsun mai tura taya da hannunsa sai sun gogi katako. Aka fasa biyar aka mayar da su santimita 90. Gangaren nan da ƙofofin nan su suka cinye kuɗin da aka ware wa ɗaki na huɗu. Amsar tambayarku ke nan, babu wani rami da suka faɗa.

Sai gadon banɗaki, wanda aka fi yi mana surutu a kansa, har wani ya kira shi almubazzaranci. Gado ne da ake ɗagawa a sauke, wanda zai ɗauki babban yaro. Mai wannan magana wataƙila bai san cewa akwai yara 'yan shekara goma da har yanzu ake sa wa ƙunzugu ba. Teburin jarirai ba ya ɗaukarsu. Abin da iyaye ke yi shi ne su shimfiɗa mayafi a ƙasan banɗaki su kwantar da yaro, sannan su sunkuya su ciccibo shi, da yawa cikinsu ciwon baya ya riga ya kama su. Iyaye muka tambaya a wannan karon, mun koyi darasi, kuma gadon nan suka fara ambata kafin fenti, kafin kujeru. Haka ma shimfiɗar roba mai taushi da muka sa a ɗakin motsa jiki maimakon tayil mai sheƙi da wasu suka so. Tayil ya fi kyau a hoto, amma yaro mai farfaɗiya ba ya zaɓen inda zai faɗi.

An kuma ce wai yara nawa ne ma za a yi wa wannan ɗawainiya. Rahoton UNICEF na 2021 ya ƙiyasta kusan yara miliyan 240 ne a duniya ke da wata nakasa, wato ɗaya cikin goma. Rashin ganinsu a waje ba ƙarancinsu ba ne, a gida ake barinsu saboda fita da su wahala ce.

Yanzu ɗakuna uku na aiki. Akwai na gashin ƙashi, akwai na koyar da magana, akwai na ganin likita, inda ake bin maganin masu farfaɗiya. Wannan na ƙarshen muna ba shi muhimmanci, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba tare da ta riƙa tayar musu ba idan an gano ta kuma ana shan magani yadda ya kamata.

Godiya kuwa ba mu san ta ina za mu fara ba. Hajiyarmu da ta ɗauki nauyin rufi gaba ɗaya, ta kuma hana a faɗi sunanta, da ta ji labarin gangaren ba ta tambaye mu yaya aka yi ba, sai ta aiko da siminti. Allah ya saka mata da mafificin alheri, ya albarkaci zuri'arta. Dattijon da ya ba da ginin kyauta, Allah ya gina masa wanda ya fi shi. Injiniyanmu bai karɓi ko sisi ba, sau nawa yana barin aikinsa ya zo. Likitar gashin ƙashi ta faɗa mana gaskiya lokacin da ba mu son ji. Da masu kawo ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata ba fashi, duk kuna cikin littafi, Allah ya mayar muku da ninkinsa.

Littafin shiga da fita da rasit na kowane buhu suna wurin ma'aji. Duk mai gudummawar da yake so ya duba, ya zo ya zauna ya duba, ya zo da mai lissafinsa ma idan ya ga dama.

Saura ɗaki na huɗu, yana nan bango tsirara. Ɗakin natsuwa ne na yara masu galahanga, wato lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, wadda a Turance ake kira autism. Da yawansu ƙara da hayaniya da fitila mai ƙiftawa na rikita su. A yanzu yaro kan toshe kunne a wurin jira ya fara kuka yana buga kansa, idanu su yi wa uwar caa, sai ta ɗauke shi ta tafi kafin layi ya zo kanta. Mun ga haka ya faru ba sau ɗaya ba. Ɗakin na buƙatar silin da bango masu shanye ƙara, fitilar da ake rage haskenta, shimfiɗa mai taushi, da ƙofa mai rufuwa a hankali. Da yamma kuma nan iyaye za su riƙa haɗuwa su ji daga juna, don wadda ta shekara goma tana renon irin wannan yaro ta san abin da ba ya cikin takardar likita.

Burinmu a gama kafin 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don wayar da kai kan galahanga. Mai kuɗi ya kawo kuɗi, kafinta ko mai aikin wuta ya ba mu yini ɗaya. Zanen ɗakin yana manne a bakin ƙofa, iyaye uku sun riga sun duba sun gyara mana wuri biyu, kuma ba za a kafa ƙusa ɗaya ba sai sauran sun gani.

Sakatare, a madadin kwamitin gyara.