Dokar hana bauta tana nan, amma ina hukuncin dillalai?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana kan shari'ar masu fataucin mutane da masu bautar da su a ƙasarmu Nijar. Ba doka muka rasa ba. Tun shekarar 2003 aka shigar da bauta cikin manyan laifuka, inda hukuncinta ya kama daga ɗaurin shekara 10 zuwa 30, sannan a watan Disamba na 2010 aka fitar da dokar yaƙi da fataucin mutane, wadda a ƙarƙashinta aka kafa hukumar ƙasa ta yaƙi da fataucin mutane, wato ANLTP. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙarar da za ta tashi daga ƙauye ta kai gaban alƙali ba ta mutu a hanya ba.

Ya kamata mu riƙa tuna labarin Hadizatu Mani, wadda aka sayar a 1996 kan jaka 240 na sefa tana da shekara 12, aka mayar da ita wahaya, wato baiwar da ake saya a ajiye a matsayin 'mata ta biyar'. Da ta samu ƴanci ta auri wanda take so, ita aka yanke wa ɗaurin wata shida bisa laifin yin aure kan aure. Sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta tsaya mata har kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, wadda a watan Oktoba na 2008 ta sami gwamnati da laifin kasa kare ta, ta kuma umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Yanzu da Nijar ta fice daga CEDEAO, wannan ƙofa ta rufe, nauyin duka ya koma wuyan alƙalanmu na gida. Sun kuma nuna za su iya, domin a 2014 kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu saboda riƙe wahaya.

Mu a Maraɗi muna zaune ne a bakin iyaka, ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, kuma kowa ya san yadda abin ke farawa. Wata hajiya ce ko wani dillali zai shigo gari da alkawarin aikatau ko karatun allo, ya ajiye wa iyaye ɗan abin cefane, ya tafi da yarinya ko yaro. Idan asiri ya tonu, jandarma suka kama mai rakiya, sai dangi da masu unguwa su taru a ce a yi sulhu, a rufa wa juna asiri, shaida kuwa ta janye saboda tsoro ko kunya. Sulhu abu ne mai kyau a rigimar gona ko gado, amma ba shi da hurumi a kan yarinyar da aka sayar, kuma na tabbata babu basaraken da zai yarda a yi shi da ɗiyarsa ce.

Saboda haka ina kira ga mai gabatar da ƙara na Maraɗi da ya ci gaba da irin wannan shari'a ko da iyaye sun ce sun yafe, ya bi sawun kuɗin har kan wanda ya karɓi yarinyar, kada a tsaya kan direba kaɗai. A samar wa masu ba da shaida wurin fakewa a nan garin, a kuma riƙa sanar da hukuncin da aka yanke da Hausa a gidajen rediyo, domin mutanen Madarunfa da Gidan Runji su ji da kunnensu cewa ana ɗaure masu wannan sana'a.

Wassalam.
Mai karanta jaridarku, daga Maraɗi.