Takardar Koke Kan Iyakar Ikon Jami'ai a Lokacin Annoba

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
ta hannun Hakimi da Masu Unguwanni.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nasara.

Bayan gaisuwa da biyayya, mu talakawan Sarki, maza da mata, mun kawo kuka ne kan ikon da jami'ai ke samu idan annoba ta ɓarke aka kafa dokar ta-ɓaci. Ba mu ƙi a killace mai ɗauke da cuta ba, ba mu ƙi a hana taro ba in dai rai za a ceta. Abin da ke damunmu shi ne ikon da talaka bai san inda ya fara ba, bai san inda ya tsaya ba.

Ranka ya daɗe, mun ga haka a zamanin korona, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana a matsayin barazana ga duniya ranar 30 ga Janairu 2020, ba ta janye ba sai Mayu 2023. Wannan jami'i ya ce a koma gida, wancan ya ce a biya tara, babu takarda, babu rasit. Mai naƙuda a hanyar asibiti ma sai da roƙo take wucewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma umarnin da ba a rubuce yake ba babbar tsaga ce.

Alhali ba a bar ikon nan kara zube ba. Ƙa'idojin Sirakusa na 1984, waɗanda masana dokar ƙasa da ƙasa suka tsara kan iyakar tauye 'yancin ɗan Adam, sun ce duk takurar da za a yi saboda lafiyar jama'a dole ta samo asali daga doka, ta zama larura ce ta kawo ta, a zaɓi hanya mafi sauƙi, ba tare da nuna bambanci ba, kuma a iya ƙalubalantar ta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa ta 1966, a sashe na 4, ta hana taɓa haƙƙin rayuwa ko azabtar da mutum ko da a cikin dokar ta-ɓaci ne.

Ƙarfi zalla kuwa ba ya korar cuta. A Agusta 2014, lokacin Ebola, an kulle unguwar West Point ta birnin Monrobiya, ƙasar Laberiya, da sojoji. Aka yi harbi, yaro ya rasa ransa, bayan kwana 10 aka janye kullen. Wanda yake tsoron jami'i ɓoye majinyacinsa zai yi, daga nan cutar ta ci gida.

Saboda haka muna roƙon Sarki ya kira shugabannin ƙaramar hukuma, jami'an lafiya da na tsaro tun yanzu da ake zaune lafiya. A amince cewa kowane umarni zai fito a rubuce, da sa hannun wanda doka ta ba iko da ranar ƙarewarsa, a karanta shi a rediyo cikin harshen da jama'a ke ji. Wanda aka killace, cinsa da maganinsa su zama a wuyan hukuma. Tara kuma kotu ce za ta yanke, ba mai riƙe da kulki a shinge ba. Sannan a ware ofishin karɓar ƙorafi, da wakilin fada a ciki, inda wanda aka zalunta zai kai kuka ba tare da fargaba ba.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne masu biyayya,
malamai, 'yan kasuwa, ma'aikatan jinya, iyaye mata da matasa da suka sa hannu a takardar da ke haɗe.