Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Shari'a, daga Tawa

Ranka ya daɗe, sallama da fatan alheri.

Yaron maƙwabciyata, ɗan kabu-kabu ne, an kama shi kan maganar takardun moto, ya kwana a tsare, da ya fito hannu ɗaya ba ya ɗaguwa, bayanshi duk shatin duka. Uwar ta zo gidana tana kuka tana cewa ina za ta kai ƙara, wurin waɗanda suka buge shi? Dangi kowa sai "a bar wa Allah", haka kuma aka bari.

To ni abin da ke ci mini rai, doka fa akwai ta. Nijar ta shiga yarjejeniyar hana azabtarwa tun 1998, a 2020 aka sa azabtarwa cikin laifukan da ake hukuntawa. Tsarewa a komisariya awa 48 ce, ƙari sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta 2014 ta ce mutum na da damar ganin lauya tun lokacin da aka kama shi. Kuma iyali na iya zuwa kai tsaye wurin mai gabatar da ƙara ko alƙalin bincike, ba sai sun bi ta komisariya ba. Wa ya taɓa gaya wa matar nan haka? Ko ni da na yi lakwal daga baya na sani.

ANAJJ, hukumar taimakon shari'a ta ƙasa da aka kafa a 2011 don talaka ya samu lauya kyauta, ku shiga kasuwar Tawa ku tambayi mutum goma in za ku samu wanda ya san ƙofarta. Lauyoyin ma akasari suna Yamai, kilomita sama da 500, kuɗin mota kaɗai ya isa ya kashe magana, balle takardar likita da ake biya, kuma in an yi jinkiri tabon ya warke shaida ta tafi.

A 2017 kotun Yamai ta ɗaure 'yan sanda uku da aka gani a bidiyo suna dukan ɗalibi, kenan ana iyawa, amma ba kowa ke da mai ɗaukar mishi bidiyo ba.

Roƙona, ku sa a yi bayanin haƙƙoƙin nan a rediyo da Hausa da Tamajak da Fulatanci, takardar likita ta zama kyauta ga wanda ya fito daga tsarewa da rauni, a kuma riƙa turo lauyan ANAJJ yana leƙa komisariya. Yaron nan har yau bai koma kan moto ba, uwarshi ke ci da shi da kuɗin ƙosai.

Wani mazaunin Tawa