Wasiƙa zuwa Agege: maganar kafaɗar nan taka

Birnin Kebbi,
Jihar Kebbi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara da duk mutanenmu na nan Agege. Mu ma nan gida lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ta ce ka daɗe ba ka leƙo ba. An fara yankan shinkafa a fadama, sanyin asuba kuma ya fara sauka.

Saƙon muryar da ka turo mini ne ya sa na zauna rubuta wannan takarda. Ka ce kafaɗarka ta dama tana tashe ka cikin dare idan ka juya ka kwanta a kanta, kuma yanzu sai ka haɗiyi ƙwaya kafin ka shiga jim, wurin ɗaga ƙarfe. Kai ka faɗa kana dariya, ni kuwa gabana ne ya faɗi. Maganar ta fi ƙarfin hirar waya, don na san da na fara za ka ce "ba komai, za ta bari", mu wuce zancen ƙwallo.

Ka san labarin tawa kafaɗar a dunƙule, amma ban taɓa warware maka shi ba. Ni tawa farat ɗaya ta zo. Ina kwance a benci, ina sauke ƙarfe zuwa ƙirji, sai na ji wani abu ya tsinke can cikin kafaɗa, hannun ya saki nan take. Allah Ya sa yaron da ke tsaye a kaina ya riƙe sandar. Washegari ban iya ɗaga hannu na yi kabbara yadda na saba ba. Sa riga ya zama aiki, kai hannu aljihun baya ya gagara, ko buta na ɗauka da shi sai na ji ta har wuya. Dare kuwa shi ne mafi tsanani.

Inna ta sa aka kai ni wurin wani dattijo mai ɗori. Allah Ya saka masa da alheri, ya lalube kafaɗar a natse ya ce ƙashi lafiyarsa ƙalau, babu karaya babu gocewa, wannan ba aikinsa ba ne. A asibiti ma hoton ƙashi bai nuna komai ba, domin shi ƙashi kawai yake gani. Sai da na je Sakkwato aka yi mini MRI, wato hoton da yake nuna nama da jijiya, sannan aka ga abin: jijiyar sama ta kafaɗa ta yage, amma ba ta tsinke gaba ɗaya ba. Sikanin da ake yi wa masu ciki, irin wannan na'ura ma tana nuna jijiyoyin kafaɗa idan hannun mai yi ya ƙware, kuma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Ka riƙe wannan.

Bari in faɗa maka yadda likita ya zana mini abin a takarda, domin sai da na gane shi sannan na iya haƙuri da jinyar. Gaɓar kafaɗa ba irin ta ƙugu ba ce. Kan ƙashin cinya yana zaune cikin rami mai zurfi, shi kuwa kan ƙashin dantse gurbinsa a jikin allon kafaɗa ba shi da zurfi. Shi ya sa hannu yake juyawa kowace fuska, shi ya sa kuma gaɓar ta dogara ga nama da jijiya. Wasu ƙananan tsokoki 4 ne suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka naɗe kan ƙashin dantse: ɗaya ta sama, ɗaya ta gaba, biyu ta baya. Aikinsu su danne kan ƙashin a gurbinsa duk lokacin da manyan tsokoki suke ɗaga hannu. Mu 'yan ƙarfe ƙirji da dantse muke ginawa, su ake gani cikin singileti. Waɗannan huɗun suna ɓoye, ba mai yaba su, amma duk kilon da muka ƙara a sanda a kansu yake sauka.

Ta saman ita ta fi yagewa, saboda tana ratsa wani ɗan matsatsi a ƙarƙashin ƙashin da ya rufe kafaɗa. Kamar igiyar guga ce da ke goga bakin rijiya, zare ɗaya ɗaya take ci kafin ranar da za ta ba da kai. Kuma jini ba ya isa wurin sosai, don haka warkewarta a hankali take. Ciwon da yake hana barci a kan kafaɗa, da wanda yake kama mutum idan ya ɗaga hannu ta gefe tsakanin digiri 60 zuwa 120 sannan ya lafa idan hannun ya kai sama, alamominta ne da aka sani. Ka tsaya ka gwada yanzu, ka ɗaga hannun a hankali ta gefe ka ji a ina yake cizo. Ba na cewa na san abin da ke damunka daga nan Kebbi. Kumburi kaɗai ma yana kawo irin wannan. Amma abin da ka siffanta ya isa a duba shi.

Yanzu maganar ƙwaya, wadda ta fi damuna. Diklofenak da ibuprofen suna rage zafi da kumburi, likita da kansa yana ba da su na ɗan lokaci. Shan su kullum, balle ciki babu abinci, yana jawo gyambon ciki kuma yana taɓa ƙoda, musamman ga mai zubar da gumi kamar mu. Abin da ya fi wannan muni shi ne sha don a samu damar ɗaga ƙarfe. Zafin nan shi ne yake gaya maka ka tsaya. Ka kashe shi da ƙwaya, ka hau benci, jijiyar tana ci gaba da yagewa kai ba ka ji ba. Tiramol kuwa don Allah ko kusa da shi kada ka je, ni da kai mun ga samarin da ya lalata. Haka allurar ƙara tsoka da wasu suke yi a ɓoye: nama yana kumbura da sauri, jijiya ba ta bin sa da wannan saurin, ƙarshenta ita take biyan bashin. Akwai wata allura daban da likita yake yi a cikin kafaɗa don kwantar da kumburi. Tana ba da sauƙi, amma ba ta ɗinke yaga, kuma yawan maimaita ta yana raunana jijiya. Ƙaho ma an ba ni shawararsa, sai dai fata ce iyakarsa, ba ya kai inda ciwon yake.

Ni ba a yi mini tiyata ba. Likita ya ce irin tawa da yawa suna daidaituwa da gashin ƙashi, aka tura ni sashen. Na ɗauka gasa wurin za a riƙa yi da na'ura ina kwance, ashe mafi yawan aikin ni zan yi da kaina. Farko sai in sunkuya in dafa tebur da hannu mai lafiya, in saki mai ciwon yana lilo. Daga nan aka ba ni sanda, lafiyayyen hannu yana tura ɗan'uwansa sama. Sai tafiyar yatsu a jikin bango, yau nan, jibi sama da nan kaɗan. Mai gashin ta gargaɗe ni kada in ɗaure hannun in ajiye shi gaba ɗaya, domin kafaɗa tana iya sandarewa, kuma wannan wata jinyar ce mai tsawo ta daban. Bayan wani lokaci aka zo kan ƙarfafawa: gwiwar hannu manne da haƙarƙari, in tura bango da bayan hannu ba tare da motsi ba, sannan robar atisaye, ina jan ta waje ina jan ta ciki, sannan dambel mai kilo 1.

Aminina, a nan ne zuciya take shan wuya. Mutumin da ya saba da fiye da kilo 100 a benci, ga shi a lungun ɗaki da roba, hannu yana rawa. Na ga jikina yana zubewa, riguna suka yi mini yawa. Akwai lokacin da na daina bi ta ƙofar jim ɗinmu don ƙarar farantan ƙarfe da ake sa wa sanda kaɗai tana sa ni baƙin ciki. Maiɗakina ce ta tsaya mini. Ita take ƙirga mini jan roba bayan sallar asuba, ita ta gano cewa idan na kwanta rigingine ta sa matashi ƙarƙashin hannun ina samun barci. Ƙa'idar da aka ba ni ita ce wadda nake bi har yau: ɗan zafi lokacin atisaye wanda ya lafa kafin washegari ba laifi, amma wanda yake sukan mutum ko ya ƙaru da dare, to an yi yawa, a rage. Ban bar ƙafa da ciki ba, na ci gaba da tsugunno da tafiya, wannan ya riƙe mini hankali ƙwarai.

Zama a layin asibiti ya nuna mini cewa ciwon ba namu kaɗai ba ne. Na zauna da lebura mai lodin buhunan shanshera, da masunci daga wajen Yawuri wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jefa birgi, da mai filasta da yake wuni hannu a sama, da wata baiwar Allah da daka ya cinye mata kafaɗa. Yawancinsu sun haura 40, shekarun da jijiyar take fara gajiya ko ba a yi mata komai ba. Su kafaɗarsu ita ce abincinsu, ba su da halin hutun da aka ce su yi. Kai ma ka kusa shekarun nan, kuma na san har yanzu kana sa hannu a sauke kaya a shago.

Da aka ba ni izinin komawa, da sanda zalla na fara, mai kilo 20, babu faranti ko ɗaya. Na rage faɗin riƙo, gwiwoyin hannu suna kusa da jiki maimakon buɗe su kamar yadda muka koya tun muna yara, allunan kafaɗa a matse a baya kafin in sauke ƙarfe. Tura ƙarfe ta bayan wuya na bar shi har abada. Yanzu ja ya fi turi yawa a atisayena, kuma ba na taɓa ƙarfe sai na yi aikin roba jiki ya ɗumama, balle da sanyin nan. Ƙara nauyi kaɗan kaɗan nake yi. Ban kai inda nake da ba, amma ina barci a kan kafaɗata, ina ɗaga ƙaramar 'yata sama, alhamdu lillahi.

Ina yawan tuna 'yan wasanmu masu buƙata ta musamman da suke ciyo wa Najeriya zinare a ɗaga ƙarfe, irin su Yakubu Adesokan a Landan a 2012, da Folashade Oluwafemiayo a Faris a 2024. Wasansu benci ne zalla, kuma da wannan kafaɗar suke tura keke ko dogara sanda. Su dai suna da koci a gefe yana lura da kowane motsi. Mu a jim ɗin unguwa, inda rabin farantanmu siminti ne da aka zuba a gwangwani, babu mai lura da mu sai junanmu. Shi ya sa yanzu duk yaron da na ga yana yamutsa fuska yana murza kafaɗa bayan ya sauka daga benci, sai na ja shi gefe mun yi magana. Wasu suna ji, wasu suna ganin tsoro ne ya kama ni.

To, ga abin da nake roƙonka. Ka ajiye benci da duk wani turi sama da kai tun daga yau, ka je a duba ka. Kuna da asibitin ƙashi na Igbobi a nan Legas, idan kuma ka fi son kusa da gida ga na Dala a Kano. Kada ka jira sai ka zo Sallah. Dalilin gaggawar shi ne, idan jijiyar ta tsinke gaba ɗaya tana janyewa baya da lokaci, naman yana shanyewa, ɗinkin ya yi wuya ko ya gagara. Wanda aka yi wa tiyata kuwa yakan rataye hannu mako 4 zuwa 6, ba a fara ƙarfafa shi sosai sai wajen wata 3, komawa ga ƙarfe mai nauyi kuma yana ɗaukar wata 6 har zuwa shekara. Ka auna wannan da 'yan makonnin hutu da roba. Ka gaya wa likita gaskiyar ƙwayoyin da kake sha da tsawon lokacin da ka yi kana sha. Ka sa a auna maka suga, tunda akwai shi a gidanku, domin shi da taba suna jinkirta warkewar jijiya. Idan ciwon yana sauka har yatsu da dindiris, ka faɗa, don wani lokaci daga wuya yake tasowa. Idan kuwa wata rana ka ji ciwon kafaɗa ko hannun hagu tare da nauyin ƙirji da gumi, wannan ba maganar jim ba ce, asibiti za ka nufa a take.

Duk abin da aka ce maka ka ɗauki hoton takardar ka turo mini ta WhatsApp. Idan kuɗin hoto ya yi maka nauyi a wannan watan, ka faɗa mini ba tare da jin kunya ba, in sha Allahu da an sayar da shinkafa zan turo abin da ya sawwaƙa. In za ka zo kuma ka taho mana da robobin atisaye masu ƙarfi daban-daban, nan ba a cika samun masu kyau ba, yaran jim da tsohon tiyub ɗin babur suke yi.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara, da maƙwabcinka mai shayi. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne.

Naka har kullum,
amininka na Birnin Kebbi.