'Yan Mormon: Gyara Kan Wata Magana da Ke Yawo a Jidda

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini don in gyara wata magana da ke yawo a majalisun Hausawa a nan Jidda, daga Karantina har Hindawiyya. Wai 'yan Mormon Kiristoci ne da suka kusa musulunta, tunda ba sa shan giya, suna auren mace fiye da ɗaya, kuma wanda ya kafa addininsu daga ƙasar Larabawa ya fito. A cikin ukun nan, ta farko ce kawai daidai. Ta biyu ta tsufa da fiye da shekara ɗari, ta uku kuwa mutum biyu aka haɗa aka mai da su ɗaya: wanda ya kafa addinin, da wani mutum da ke cikin labarin littafinsu.

Wanda ya kafa tafiyar shi ne Joseph Smith, ɗan manomi, an haife shi a jihar Vermont ta Amurka a 1805, bai kuma taɓa taka ƙasar Larabawa ba. Ya ce a 1820, yana ɗan shekara 14, ya shiga kurmi kusa da garin Palmyra na jihar New York yana addu'ar a nuna masa cocin gaskiya, sai Uba da Ɗa, wato Allah da Annabi Isa a aƙidarsu, suka bayyana gare shi, mutum biyu daban-daban, suka ce kada ya shiga ko ɗaya. A 1823 ya ce wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa alluna na zinariya masu ɗauke da tsohon rubutu binne a wani tudu, aka miƙa masa su a 1827. Ba zama ya yi da ƙamus ya fassara ba. Waɗanda suka gani sun ce yakan sa wani dutse cikin hula, ya kifa fuskarsa, yana faɗa ana rubutawa. Mutum 11 sun sa hannu cewa sun ga allunan, amma Smith ya ce mala'ikan ya karɓi abinsa, don haka yau babu abin da mai bincike zai duba. An buga wannan fassarar da sunan Littafin Mormon a Maris 1830, kwafi 5,000 a kan dala 3,000, bayan wani manomi Martin Harris ya jinginar da gonarsa. Ranar 6 ga Afrilu ta wannan shekara aka kafa cocin.

To ina ƙasar Larabawa ta shigo? Cikin labarin littafin ne. Ya ce wani mutum mai suna Lehi ya bar Ƙudus da iyalinsa wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, suka bi gefen Bahar Maliya suna yin kudu, suka shekara 8 a hanya, suka binne wani nasu a wani wuri da ake kira Nahom, sannan suka yi gabas zuwa wata gaɓa mai ni'ima inda suka ƙera jirgi suka ƙetara zuwa nahiyar Amurka. Wasu masu bincikensu na ganin zangon farko a Wadi Tayyib al-Ism yake, a yankin Tabuk, gaɓar kuma a Zufar ta ƙasar Oman, suna kuma kafa hujja da haruffan NHM, wato baƙaƙen sunan Nahom, da aka samu a kan wasu tsofaffin duwatsun ibada a Yaman. Masana tarihin da ba 'yan cocin ba ba su karɓi wannan ba. Littafin ya ambaci dawaki da takubban ƙarfe a Amurka a zamanin da binciken ƙasa bai nuna akwai su ba, kuma gwajin ƙwayar halitta ya nuna tushen 'yan asalin Amurka daga Asiya yake.

An kori mabiyan Smith daga jihar Missouri a 1838, wani taron mutane ya kashe Smith da yayansa Hyrum a kurkukun Carthage ranar 27 ga Yuni 1844, magajinsa Brigham Young kuma ya ja mafi yawansu zuwa Utah daga 1847. Auren mata da yawa an yi shi, amma cocin ya sanar da dainawa a 1890, kuma yau wanda ya yi korarsa ake. Masu yi har yanzu ƙananan ƙungiyoyi ne da suka ɓalle.

Babban abin dai shi ne aƙida, kuma a nan ne maganar majalisa ta fi kaucewa. Katolika da Angalika da ECWA da Kibɗawan Masar duk sun tsaya kan abin da aka tsayar a manyan tarukan coci na Nikiya a 325 da Kustantiniya a 381: Allah ɗaya ne a zatinsa, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. 'Yan Mormon sun ce uku ne daban-daban, manufa ce ta haɗa su, kuma Uban yana da jiki na nama da ƙashi. Sun ƙara da cewa mutumin da ya cika sharuɗɗa zai iya ɗaukaka har ya zama kamar Allah. Kirista mai bin Baibul zai buɗe Yahaya 4:24, inda aka ce Allah ruhu ne, da Ishaya 43:10, inda aka ce ba a yi wani abin bauta kafinsa ba, ba kuwa za a yi bayansa ba. A ganina duk wanda ya ce wannan ya fi kusa da tauhidi bai karanta abin da suke koyarwa ba. Tazarar ma ƙaruwa ta yi.

Littattafansu huɗu ne, Baibul ɗaya ne kawai daga ciki, shi ma da sharaɗin in an fassara shi daidai. Shugaban cocin annabi ne mai rai a wurinsu, wahayi bai yanke ba. Ta wannan hanya a 1978 aka ɗage haramcin da ya hana baƙar fata zama firistoci, daga nan suka bunƙasa a kudancin Nijeriya har aka buɗe haikali a Aba a 2005. Suna yi wa matattu baftisma ta hannun wakili, suna dogara da 1 Korantiyawa 15:29, ayar da sauran coci-coci ba su ɗauke ta a matsayin umarni ba. Suna ɗaura aure na har abada, alhali a Matiyu 22:30 an ce babu aure a tashin matattu. Aljannarsu kuma hawa uku ce. Saboda bambancin aƙida kan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, a 2001 fadar Fafaroma ta yanke cewa baftismarsu ba ta inganta ba, wanda ya koma Katolika sai an yi masa sabuwa. Su dai suna cewa su Kiristoci ne, har ma su ne ainihin cocin farko da aka maido, kuma adalci ne a faɗi haka.

Ga 'yan'uwa direbobi da ma'aikata da ke hulɗa da Amurkawa ko 'yan Filifin a kamfanoni: dokarsu ta 1833 ta hana giya da taba, kuma sun fassara ta da cewa ta haɗa da shayi da gahawa. In ka miƙa finjali baƙo ya ƙi karɓa, ba raini ba ne, a ba shi ruwa da dabino. Tun 2018 kuma shugabanninsu suka roƙi a daina ce musu Mormon, a kira su 'yan Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Na yi amfani da tsohon sunan ne saboda shi aka sani a majalisa.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wani mai karatu,
Jidda, Saudiyya.