A tallafa wa masu yaƙi da kaciyar mata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun 2015 dokar hana cin zarafin mutane, wato VAPP, ta haramta kaciyar mata a Najeriya, amma har gobe wanzami na shiga gida ya cire wa jaririya angurya. Idan naƙuda ta yi tsawo kuma, sai ungozoma ta yi yankan gishiri, daga nan wata ta kamu da yoyon fitsari, miji ya juya mata baya. Abin na ci mini rai.

Taron otal na 6 ga Fabrairu, ranar yaƙi da kaciyar mata ta duniya, ba ya isa ƙauye. Matan da ke bi gida-gida suna wayar da kai, wasunsu kuɗin mota ma daga aljihunsu yake fita. Ina roƙon gwamnatocin jihohi su tallafa musu, su kuma zauna da sarakunan aska da limamai.

Wassalam,
Wata mai karatu, daga Kano